Tsaye, kwance, cikin maɓoya ko a kan ruwa: daga ina ya fi a ɗauki hoton zalɓe da 'yan'uwansa?

Duk wanda ya ɗan jima yana ɗaukar hoton tsuntsayen da ke kiwo a ruwa marar zurfi, irin su zalɓe da jinjimi da shamuwa da ƙananan nan masu dogon baki da ke tsattsagar laka, yakan kai wani lokaci da hotunansa za su daina gamsar da shi. Tsuntsun ya fito tar, har gashin fukafukinsa ana iya ƙirgawa, amma hoton bai kama zuciya ba. Abin da yakan fara faɗo wa mutum a rai shi ne sayen gilashin kyamara mafi tsawo, mai jawo abu daga nesa. Ni dai a ganina, a jingine zancen gilashi tukuna, a duba inda kyamara take zaune lokacin da aka ƙyasta. Tazarar da ke tsakanin gilashi da fuskar ruwa ta fi tsadar gilashin tasiri a kan hoton, ita kuwa wannan tazara ta danganta ne da hanyar da ka zaɓa ta kusantar tsuntsun.

Hanyoyin da aka fi bi biyar ne: tsayuwa a gaɓa da mazaunin kyamara mai ƙafa uku, kwanciya rub da ciki a bakin ruwa, zama cikin ginanniyar maɓoya, tura maɓoya mai iyo, da shiga ƙaramin kwale-kwale.

Abin da za a auna su da shi

Ma'auni na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne abin da ke bayyana a bayan tsuntsun. Ɗauki ƙaramin tsuntsu wanda kansa ke santimita 20 a saman ruwa, yana nesa da kai mita 10. In kana tsaye, kyamara na mita 1.6 daga ƙasa, layin da ya tashi daga gilashinka ya ratsa kansa zai faɗa ruwa ne a kusan mita ɗaya da rabi bayansa. Duk wani kara da kumfa da sawun laka da ke wurin zai fito tare da shi, yana gasa da shi wajen jan ido. In ka sauko da kyamarar zuwa santimita 30, layin ba zai taɓa ruwa ba sai bayan mita 20. Abin da ke can nesa haka narkewa yake yi ya koma launi zalla, tsuntsun ya fito shi kaɗai. Gilashin bai canja ba, ƙofar haskensa ma ba ta canja ba. Ga kuma wani amfanin: idonka ya zo daidai da idonsa, mai kallon hoton ya ji kamar tare suke cikin ruwan, ba leƙensa yake yi daga sama ba.

Na biyu kusanci. Gilashi mai milimita 500 a kan kyamara mai cikakken firam, wato wadda na'urar ɗaukar hotonta ta kai girman tsohon fim, yana ɗauko fili mai faɗin kusan mita 1.4 da tsayin kusan mita ɗaya daga nisan mita 20. Zalɓe mai ruwan toka, da tsayinsa ke kai wa kusan mita ɗaya, zai cika hoton. Ƙaramin tsuntsun laka mai santimita 20 kuwa kashi ɗaya cikin bakwai na faɗin hoton kawai zai ci. Kafin ya kama rabin hoton sai ka kasance mita 5 ko 6 daga gare shi, kuma tsuntsu ba ya yarda da mutumin da ke tsaye a wannan tazara sai inda ya saba da jama'a ƙwarai.

Na uku inuwar tsuntsun a cikin ruwa. In ka kalli ruwa daga sama kai tsaye, kusan kashi 2 cikin 100 na haske kawai yake mayarwa. In ka kalle shi a karkace da digiri 10 daga fuskarsa, yakan mayar da kusan sulusi, a digiri 5 kuma fiye da rabi. Saukowa ƙasa kenan na ƙara wa inuwa ƙarfi. Sai dai akwai sharaɗi: in iska ta ɗan motsa ruwan, wanda ya kwanta ƙasa sosai zai ga inuwar ta kakkarye ta zama zane-zane, alhali mai kyamara a tsayin gwiwa zai iya samun ta cikakkiya.

Na huɗu shi ne ikon gusawa. Sau da yawa taku biyu zuwa hagu ne ke raba bakin tsuntsu da karan da ke bayansa, ko ya hana layin gaɓar tsallake ratsa wuyansa, ko ya mayar da rana bayanka har ɗigon haske ya bayyana a idonsa. Hanyar da ta ɗaure ka wuri ɗaya ta rage maka wannan dama. Bayan waɗannan sai kuɗi, da ƙarkon kayan, da sauƙin aiki, da haɗari. Haɗarin kuwa kashi uku ne: a kanka, a kan kyamararka, a kan tsuntsun.

Tsayuwa a gaɓa

Kowa da nan ya fara. Ba ta buƙatar komai sai mai ƙafa uku mai ƙarfi, wanda in an kula da shi zai shekara da shekaru. Babban maƙiyinsa yashi da ruwan gishiri da ke shiga makullan ƙafafunsa, maganinsu kuwa wankewa da ruwan daɗi bayan kowace fita. Kana da 'yancin yawo, kana ganin tsuntsun da ke tahowa tun daga nesa, kuma babu hanyar da ta kai ta a ɗaukar tsuntsu a sama, inda ake buƙatar juya jiki da saurin ƙyastawa na 1/2000 na daƙiƙa ko fiye.

Rauninta shi ne wanda aka lissafa a sama. Hotunan sukan fito da tsuntsu manne da ruwan da ke bayansa, ana ganin gadon bayansa fiye da fuskarsa. Da manyan tsuntsaye masu dogon wuya a nesa abin bai cika muni ba, domin kan zalɓe ya kusa tsayin kyamarar. Da ƙanana ne take kasawa. In ka gajarta ƙafafun mazaunin kyamarar, ka zauna a ƙasa, ka rage matsalar da rabi ba tare da kashe ko sisi ba.

Kwanciya a bakin ruwa

Wannan ce na fi ba mutane shawara, domin babu wadda ta kai ta riba in aka kwatanta da abin da take ci. Kayan aikinta faranti ne mai faɗi da ake ɗaura kan kyamara a tsakiyarsa, a riƙa tura shi a kan yashi ko laka. Akwai na sayarwa, amma da yawa daga masu sana'ar tsohon kaskon suya na ƙarfe suke hudawa su sa masa ƙusa mai zare, aiki ya tafi. Babu abin da zai lalace a jikinsa. Ƙara da tabarmar roba da tufafin da ba ka jin ciwon ɓata su, ka gama sayayya. In kyamararka na da allo mai lanƙwasuwa, wuyanka zai huta sosai, don ba sai ka manna ido a maleƙi ba.

Abin da ke sa ta aiki ba tsayin kyamara kaɗai ba ne. Tsuntsaye sun san siffar mutum a tsaye, ita suke gudu. Wanda ya kwanta ya yi shiru, bayan ɗan lokaci sukan mance da shi su ci gaba da kiwo, har wani ya matso kusa fiye da inda gilashin ke iya saitawa. Dabarar ita ce kada ka bi su. Duba inda suka dosa, ka riga su zuwa can ka jira. A bakin teku ruwan ne ke yi maka aikin: a yawancin gaɓoɓi yakan ciko sau biyu cikin awa 24 da minti 50, kuma yayin da yake cikowa yana koro tsuntsayen zuwa tudu. Ka kwanta awa biyu kafin ya kai ƙarshen cikarsa, rana a bayanka, su za su zo maka.

Tana da nata kurakuran tsari, kuma ya kamata a san su tun da wuri. Ɗan tudun laka da ke gabanka, wanda ba ka ko lura da shi ba, zai iya rufe ƙafafun tsuntsun da wani dishi-dishi. Kaɗan daga wannan yana ƙawata hoto, in ya yi yawa sai tsuntsun ya zama kamar an yanke shi an ɗora. Ɗaga kyamarar da faɗin tafin hannu yakan gyara. Layin gaɓar tsallake kuma yanzu ya shigo hoton, dole ka lura da inda ya bi: a ƙarƙashin ciki ko can sama da kai, ban da tsakiyar wuya. Karkatar hoto ma ta fi faruwa a kwance. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: idon tsuntsun da idon inuwarsa dole su kasance a kan layi ɗaya miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa. In ba haka ba, hoton ya karkace. Sai kuma zafi. Da rana ta ɗaga, iskar da ke dab da laka takan fara rawa, ta ɓata kaifin duk abin da ke nesa, kuma babu gilashin da ke maganin wannan. Aikin na sassafe ne da yamma lis.

Haɗarinta a jiki yake. Wuya da ƙugu da gwiwar hannu suna jin jiki, mai ciwon baya kada ya tilasta wa kansa. Laka mai laushi tana riƙe mutum, ruwan teku mai cikowa kuma yakan zagayo ta bayanka ta wani kwari kafin ka ankara, don haka sai ka san jadawalin cikowarsa da hanyar fitarka kafin ka kwanta. A ruwan daɗi na ƙasashe masu zafi akwai tsargiya, wadda ƙwayoyinta ke fitowa daga katantanwa su shiga ta fata, akwai kuma cutar da fitsarin ɓeraye ke bari a ruwa. Inda ake da kada, zancen kwanciya a bakin ruwa bai ma taso ba.

Ginanniyar maɓoya

Wuraren adana tsuntsaye da yawa, ciki har da fadamun da ke ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971 kan kare fadamu a duniya, suna da ɗakunan katako masu ƙananan tagogi a bakin ruwa. Babu kayan da za ka saya sai jakar da za ka ɗora gilashi a kanta a bakin taga. Ruwan sama ba ya dukan ka, kyamara ba ta ganin laka, tsuntsayen kuma sun saba da ginin tamkar bishiya. Ta fuskar lafiyar tsuntsu babu kamarta.

Matsalar ita ce yawancinsu don masu kallo da tabarau aka gina su, waɗanda ke son hango fili daga sama. Sai ka tarar tagar na mita 2 ko fiye a saman ruwa, wato ta fi tsayuwa a gaɓa muni. Ba ka da ikon gusawa, kuma in ɗakin na fuskantar gabas, safiyarka ta tafi a ɗaukar tsuntsu da rana a bayansa. Wannan ba kullum asara ba ce, don farin zalɓe da haske ke ratsa gefen gashinsa abin kallo ne, amma zaɓin ba naka ba ne.

Akwai wani nau'i daban, wanda ake haƙawa a ƙasa domin taga ta zo dab da fuskar ruwa. Bence Máté na ƙasar Hangari, wanda ya ci babbar gasar hotunan namun daji ta gidan tarihin halittu na Landan a 2010, ya yi suna da irin waɗannan, masu gilashin da kai kake ganin tsuntsu shi ba ya ganin ka. Hotunan da ke fitowa daga cikinsu na ban mamaki ne. Sai dai haya ake biya mai tsada, gilashin tagar na cin wani kaso na haske, kuma hotonka zai yi kama da na duk wanda ya zauna a kujerar kafin kai.

Maɓoya mai iyo

Wani dandamali ne mai siffar kofaton doki, na soso mai tauri ko na roba mai hurawa, da ƙaramin tanti mai launin ciyayi a samansa. Kyamara na ɗaure a gaba, tazarar tafin hannu ɗaya ko biyu daga ruwa. Kai kuma kana ciki, sanye da wandon roba mai kai wa ƙirji, kana takawa a ƙasan ruwan kana tura shi a hankali. A idon tsuntsu tarin ciyawa ce iska ke kaɗawa.

In tsarin hoto kaɗai za a duba, ita ce kan gaba. Ta haɗa ƙasa-ƙasan kwanciya da 'yancin gusawa, ta kuma ba ka abin da babu mai shi a gaɓa: kana iya kasancewa a cikin ruwa ka fuskanci tudu, ciyayin gaɓa su zama bayan hoton, launinsu ya zubo cikin ruwan. Nan ne ake samun zalɓe yana saran kifi yana fuskantar kyamara, da ɗigon ruwa a iska. Irin wannan saran na buƙatar saurin ƙyastawa na 1/1600 na daƙiƙa ko fiye, da barin fili a gaban bakinsa tun kafin ya miƙe wuya, don in ka cika hoton da shi yana tsaye, bakin zai fita daga firam a daidai lokacin da kake jira.

Amma tana da sharuɗɗa masu yawa. Ta sayarwa ba ta da arha, ga kuɗin wandon roba ko rigar da ruwa ba ya shiga. Ta roba mai hurawa ƙaya ɗaya ta ishe ta, ta soso ta fi ƙarko amma ta fi wuyar ɗauka. Ruwa ne kawai mai kwanciya, daga gwiwa zuwa ƙirji, mai ƙasa mai tauri. Iska kaɗan ta isa ta riƙa juya tantin. Rami ɗaya a ƙasan ruwa zai iya cika wandon da ruwa ya kuma tsoma kyamarar, kuma a ruwan sanyi awa biyu a tsaye na iya sauke zafin jiki zuwa matakin haɗari. Bai kamata mutum ya shiga shi kaɗai ba, ko ya shiga ruwan da bai taka ya san ƙasansa da rana ba. Ruwan da ke da kada ko dorina an cire shi daga lissafi. Wurare da yawa na adana tsuntsaye sun hana ta ko suna neman izini, kuma suna da hujja: abin da ke kai ka kusa haka yana iya kai ka har bakin sheƙa.

Ƙaramin kwale-kwale

Amfaninsa isa inda ƙafa ba ta zuwa: tsibiran yashi, lungunan ciyayi, bakin kogi mai zurfi. A zaune a kayak, wato siririn kwale-kwale, kyamara na ƙasa da mita ɗaya daga ruwa, tsaka-tsaki ke nan, ya dace da manyan tsuntsaye da kuma inuwa. Jirgin roba mai tauri yana da ƙarko, amma akwai kuɗinsa da wahalar kai shi bakin ruwa. Ba ya tsayawa cak, don haka sai gilashin da hannu ke iya riƙewa da saurin ƙyastawa mai yawa. Gilashi mai milimita 600 da babbar ƙofar haske ta f/4, mai nauyin kusan kilo 3, ba wurinsa ba ne. Walƙiyar filafili na korar tsuntsu, gara ka saita jirgin tun daga nesa ka bar shi ya gangara da kansa. Rigar ceto da jakar da ruwa ba ya shiga wajibi ne. In jirgin haya ne mai inji, a kashe injin kafin ka ƙyasta, karkarwarsa na shiga hoto.

| Hanya | Bayan hoto | Kusanci | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Tsaye a gaɓa | Mai hayaniya | Kaɗan | Matsakaici | Sosai | Sosai | Kaɗan |
| Kwance | Mai laushi | Sosai, da haƙuri | Kaɗan | Sosai | Jiki na wahala | Laka, cikowar ruwa, cuta |
| Ginanniyar maɓoya | Ya danganta da tsayin taga | Matsakaici | Kaɗan, ta musamman da tsada | Ba naka ba ne | Sosai | Kusan babu |
| Mai iyo | Mafi kyau | Mafi kusa | Da yawa | Matsakaici | Da wuya | Babba |
| Kwale-kwale | Matsakaici | Matsakaici | Da yawa | Sosai | Sai an koya | Kifewa |

Wani abu da jadawalin nan bai nuna ba shi ne abin da tsuntsun ke biya. Da yawa daga ƙananan tsuntsayen laka matafiya ne masu tara kitse domin doguwar hanya. A 2022 an bi sawun wani matashin tsuntsun laka mai dogon baki, wanda masana ke kira Limosa lapponica, da ya tashi daga Alaska a Amurka har zuwa tsibirin Tasmaniya a Ostareliya, kilomita 13,560 cikin kwana 11 ba tare da ya sauka ko'ina ba. Duk sanda aka tayar da garke daga kiwo, daga wannan guzurin aka ɗiba. Zakaran ƙeƙuwa da danginsa kuma a ƙasa suke ƙwai, in uwar ta tashi saboda kai, rana ko sanyi ko hankaka ne za su amfana. Alamar a bayyane take: tsuntsun da ya daina kiwo ya miƙe wuya yana kallon ka ya riga ya gaya maka ka wuce iyaka, ko da wace hanya ka zo.

Wace ce taka?

Buɗe hotunanka na baya ka duba abin da ke damun su. In tsuntsayen sun fito da girma amma bayansu cike da tarkace, kana ganin su daga sama, kwanciya kake buƙata, kuma za ka iya gwadawa gobe da tabarma kawai kafin ka sayi komai. Haka ma in ƙananan tsuntsayen laka ne burinka.

In sha'awarka tsuntsu a sama ne, ko garke yana sauka, ko kana son tsuntsu ƙarami a cikin faffaɗan fili da sararin sama, zauna a kan mai ƙafa uku. Ba kowane hoto ne ke son bayansa ya narke ba, wani lokaci fadamar kanta ce rabin labarin.

Mai ciwon baya ko gwiwa, da mai fita da yara, da wanda ke fara koyon halayen tsuntsaye, ginanniyar maɓoya ta fi musu. A zaɓi mai taga mafi kusa da ruwa, a kuma san inda take fuskanta domin a san ko ta safe ce ko ta yamma. A can ne ma ya fi sauƙin koyon auna haske a kan farin gashi, wanda ke ƙonewa ya rasa zanensa in bayansa duhu ne ba a rage hasken ba.

Kwale-kwale na wanda ruwansa ke da zurfi ne ko gaɓarsa ba ta takuwa, kuma ya iya tuƙi tun kafin ya ɗauko kyamara.

Maɓoya mai iyo kuwa ta wanda ya riga ya gaji da abin da kwanciya ke bayarwa ce, yana da tafki guda marar zurfi da ya san ƙasansa, yana da izinin shiga, yana da abokin da zai tsaya a gaɓa. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya rasa, ya sa kuɗin a kan tabarma mai kauri da kyamara mai allo mai lanƙwasuwa.